Masu Auna Ma'aunin Iska

Idan hazo ya sauka a Kankiya cikin watan Janairu, wanda ke tsaye a bakin titin Kano zuwa Katsina zai ji ƙugin tirela tun kafin ya hango fitilarta. Rana takan dushe har a iya kallonta ido da ido, leɓe ya tsage, yara su kwana suna tari. A irin wannan safiya sai wani ya ciro waya ya nuna maka lamba da launin kore, wai iskar gari lafiya lau take. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su zauna gaban irin wannan lamba su tambaye ta daga ina ta fito, kafin a bari likita ko hukuma su yi aiki da ita. Ina jin daɗin sana'ar nan ƙwarai, don tana buƙatar ilimin lissafi da sanin gari a kai ɗaya.

Abin da aka fi aunawa shi ne ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ake kira PM2.5, waɗanda sai an jera wajen talatin kafin su kai kaurin silin gashi. Su ne ke wucewa har cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicinsu a yini ya wuce maikurogiram 15 a kowace kubik mita ta iska, na shekara kuma 5. Akwai kuma PM10, wanda ya haɗa da manyan ƙwayoyi, saboda haka PM2.5 wani yanki ne a cikinsa. Da gwani ya ga PM2.5 ya fi PM10 yawa, ya san an yi kuskure, kamar a ce tiya ta fi buhun da aka ɗebo ta.

Tambayarsa ta farko: akwai na'ura a wurin kuwa? Sau da yawa lambar da manhajar waya ke bai wa ƙananan garuruwa ƙiyasi ne daga tauraron ɗan adam da lissafin kwamfuta. Idan akwai na'urar, sai ya bi layin alƙaluman sa'a bayan sa'a. Lambar da ta kafe awa goma ba ta motsa ba, mai yiwuwa fankar da ke zuƙo iska ce ta tsaya. Yinin da wuta ko intanet suka cinye rabinsa ba a fitar masa da matsakaici; ƙa'idar da aka saba ita ce a samu awa 18 cikin 24. Hatta agogo yana dubawa, don na'urori da yawa suna rubuta lokacin GMT, wanda yake bayan namu da awa ɗaya.

Amma inda gwaninta take fitowa shi ne lokacin hunturu. Ƙananan na'urori masu araha, irin su PurpleAir, hasken leza suke haskawa cikin iska su ƙirga walƙiyar da ƙwayoyi ke yi. Suna ganin hayaƙi da kyau, ƙurar hamada kuwa tana kuɓuce musu, saboda ƙwayoyinta manya ne, da yawa ba sa kaiwa gaban hasken. Ga buji ya rufe gari, ga na'ura tana cewa da sauƙi. Gwani ba zai yarda ba. Zai nemo rahoton nisan gani daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua na Katsina da na Malam Aminu Kano, ya karanta gargaɗin hazo na hukumar hasashen yanayi ta NiMet, ya buɗe hoton tauraron ɗan adam ya ga ko ƙura ta taso daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki inda yawancin hazonmu ke fitowa. In Damagaram da Maraɗi da Kano duk sun turnuƙe, Kankiya da Kusada ba za su tsira su kaɗai ba. Da damina kuma abin ya juye: a Agusta ƙwayoyin kan sha laima su kumbura, na'urar ta ƙirga fiye da gaskiya. Shi ya sa ake ajiye ta makonni kusa da babbar na'ura, ko kusa da mai tace iska ta takardar da ake aunawa a sikeli kafin da bayan awa 24, a gano yawan zillewarta.

Sai kuma sanin gari, wanda babu kwamfutar da za ta ba ka shi. Layi ya tashi bayan Magariba ya sauka da tsakar dare? Itacen girki ne da gawayi, ga iskar dare mai sanyi ta danne hayaƙin a ƙasa. Ya yi tsalle na minti goma? A je a duba ko mai tsire ya kafa tukuba a gindin na'urar, ko an tayar da janareto, ko an cinna wa bola wuta. Lambar gaskiya ce, sai dai ta wannan lungu ce kawai. Baƙon da ya ga hayaƙi ya tashi ƙarfe huɗu na asuba wata guda cur zai iya cewa na'ura ta lalace. Ɗan Kusada zai duba kalanda ya ce azumi ne, ana ɗora sahur.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin gwanayen nan wajen share lamba. A 1985 Joe Farman da abokan aikinsa 'yan Birtaniya suka sanar da ɓular da ta samu a rufin ozon a saman Antatika. Tauraron NASA ma ya ga raguwar, amma manhajarsa ta ware lambobin a matsayin abin shakka saboda sun yi ƙasa fiye da zato. Don haka gwani ba ya goge lamba. Alama yake sa mata, ya rubuta dalili, ya bar asalin yadda yake don na baya ya duba.

A Kankiya muna da makarantar fasahar kiwon lafiya da ke yaye ma'aikatan duba-gari, kuma ina fata a koya musu wannan aiki tun suna aji. Ba ya cin kuɗi mai yawa: na'ura, ƙaramar sola, da littafin da za a riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana, ranar kasuwa, ranar ƙona kara, ranar ruwan farko. PurpleAir tana da idanu biyu, A da B, masu ƙirga iska ɗaya. Ranar da A ta ce 40, B ta ce 400, ɗalibin zai ɗauko tsani ya hau ya leƙa bakin na'urar, kuma ba mamaki ya tarar gizo-gizo ne ya yi saƙa a ciki.