Mutuwar Shagon Kaset da Makomar Waƙar Baka a Birnin Kudu da Gwaram

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna wani ra'ayi da ya yaɗu a tsakanin manazarta, wato wai mutuwar shagunan kaset ba ta rage wa waƙar baka kome ba, tun da yake ga ta a intanet, kowa na iya saurare. Mu dai ba mu gamsu ba.

Da farko, ya kamata a gyara wani kuskure. Ba Boomplay, wadda aka fara a 2015, ko Spotify, wadda ta iso Nijeriya a 2021, suka tayar da mai kaset daga bakin hanya a Birnin Kudu ko kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram ba. Bayan shigowar wayar salula a 2001, masu turi ne suka gaje shi, waɗanda ke zuba wa mutum ɗaruruwan waƙoƙi a memori da kuɗi kaɗan. Sauraro kai tsaye ya tarar da gawa ne, ya yi mata sutura.

Ba kuma za mu wanke zamanin kaset ba. Satar fasaha ta yi masa katutu, kuma irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kyautar iyayen gida suka fi dogara, ba da cinikin shago ba.

Inda kaset ya yi wa adabi hidima shi ne wajen tsawo. Tsohon faifan garmaho yakan ɗauki kimanin minti 3 a kowane gefe, sai kaset ya ba da minti 30 ko 45. Nan ne mawaƙi ya sami filin jero ɗiyan waƙa, ya yi zambo, ya koma yabo, 'yan amshi na karɓa, kamar yadda ake ji a Bakandamiyar Shata ko waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo. Yau kuwa Spotify na lissafa sauraro da zarar an kai daƙiƙa 30, saboda haka gajeriyar waƙa ta fi riba. Ashe an koma ƙuncin garmaho ke nan, sai dai wannan karon ba na'ura ta tilasta ba, kasuwa ce.

Har wa yau, Shata da Ɗanƙwairo sun tsira, domin masoya sun ɗora su a YouTube, ko da yake sau da yawa ba shekara, ba sunan wanda aka yi wa waƙar. Waɗanda muke jiye wa su ne makaɗan noma da masu kalangu da matan amada na ƙauyukan nan, waɗanda aka ɗauka da rikoda a wurin biki, mai shago ya kwafa ya sayar wa maƙwabta. Babu kamfanin da ya san da su. Muna ganin lalle ne Jami'ar Bayero da ta Tarayya da ke Dutse su bi tsofaffin masu shago su sayi ragowar kayansu, su juye su a kwamfuta, domin zaren kaset ba ya jure zafin bazara da laimar damina.