Akwatin Skinner da Koyar da Harshe: Tsokaci

Akwatin da B. F. Skinner ya ƙera don nazarin ɗabi'un ɓeraye da tattabaru ya yi wa masana magunguna rana. Da shi Peter Dews ya auna, a 1955, yadda maganin barci na pentobarbital ke sauya saurin saran tattabara. Inda gizo ke saƙa shi ne littafin Skinner na 1957, Verbal Behavior, wanda ya ɗora koyon harshe bisa maimaici da tukwici. Chomsky ya soki wannan ra'ayi a 1959, kuma da hujja. Mai koyon Hausa da ya ji motoci da tashoshi yakan ce *gononi maimakon gonaki, alhali bai taɓa jin kalmar ba, balle a ba shi tukwici a kanta. Ƙa'ida ya tsamo da kansa.