Shaihu Umar: A Kalla Tare Da Yara?

Iyaye da yawa a ikilisiyoyinmu na Birnin Kebbi da Argungu ma'auni ɗaya suke auna fim da shi: in babu rawa da rungume-rungume, to yara su zauna. A wannan ma'auni Shaihu Umar ya tsallake. Adamu Halilu ne ya shirya shi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Soyayyar da ke ciki mai kunya ce, ta Makau da matarsa, sai ta uwa wadda ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa bauta. Karatun allon da ya cika fim ɗin kuwa rayuwar maƙwabtanmu ce, ba abin gudu ba.

Nauyinsa a wani wuri yake. An sace yaro, an ƙetare Sahara da shi. Yaran da suka ji labarin ɗaliban Birnin Yauri a 2021 ba za su ɗauki wannan tatsuniya ba. Ni dai ba zan zaunar da ɗan ƙasa da shekara 12 a gabansa ba.

Abdulkarim ya fi damuna. Fataken bayi ne, amma labarin ya nuna shi uba nagari don ya ilimantar da Umar, cinikin kuwa ba a tuhume shi sosai ba. Labarin Yusufu ba haka yake ba: Allah ya juya abin ya zama alheri, duk da haka Farawa 50:20 ta kira nufin 'yan'uwansa mugunta.

Fasto ya fara kallo shi kaɗai. In ya kira matasa, ya tambaye su inda sauran bayin ayarin suka ƙare.