Gardamar "Kofin Saye" a Gidajen Kallo

Duk ƙarshen kakar Firimiyar Ingila, da zarar tseren kofi ya rage tsakanin ƙungiyoyi biyu, akwai gardamar da kan tashi a gidajen kallo, daga Kano har Damagaram, ta bi mutane zuwa teburin mai shayi, ta kwana a wayoyinsu. Wannan ya ce, "Malam, kofin saye ne, kuɗin mai ne ya ci muku." Wancan ya ce, "To ku ma ku saya mana, an riƙe muku hannu ne? Ai kuɗi ba ya buga ƙwallo." Waɗanda ƙwallo ba ta dame su ba suna jin wannan a matsayin surutun marasa abin yi. Ni kuwa ina ganin gardama ce da ta cancanci a zauna a dube ta, domin tana da tsarinta, tana da hujjojin da ƙanne ke gada daga yayye, kuma abin da ake ja a kansa shi ne adalci, ko da ba a kira sunansa ba.

Abin da mai saurare zai fara lura da shi shi ne kowa yana da ranar da yake fara tarihi daga ita. Ɗan Arsenal, musamman wanda Kanu ya jawo shi ƙungiyar, yana farawa ne daga 2003, shekarar da Roman Abramovich ya sayi Chelsea. Kafin a ce kwabo Mourinho ya zo, Chelsea ta ci kofin 2005 da maki 95, bayan shekara 50 rabonta da shi. Ɗan Chelsea kuma ba ya son jin 2003; nasa tarihin daga 2008 yake farawa, lokacin da Sheikh Mansour na Abu Dhabi ya sayi Manchester City, aka kawo Robinho a ranar da cinikin ya faɗa. Ɗan United yana kallon su duka yana cewa, "Mu da guminmu muka ci." Da wuya ka ji ya ambaci cewa ƙungiyarsa ce ta karya tarihin tsadar ɗan wasa a Birtaniya da Andy Cole a 1995, ta sake da Veron a 2001, ta kuma sake da Rio Ferdinand a 2002. Blackburn kuwa, wadda attajirin ƙarafa Jack Walker ya zuba wa dukiyarsa ta ci kofin 1995, kusan an manta da ita a gardamar gaba ɗaya, don ba ta da magoya baya a nan balle masu adawa da ita. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka take naka ka hango na wani.

Amma maganar ɗan United ba ta banza ba ce. Akwai bambanci na gaske tsakanin kuɗin da ƙungiya ta samu daga 'yan kallo da talla da talabijin, da kuɗin da mai ita ya ciro daga aljihunsa ko daga baitulmalin wata ƙasa. Shi ɗan United ma yana da ƙarin ciwo, domin iyalan Glazer da suka sayi ƙungiyar a 2005 bashi suka ɗora mata. Inda hujjar ke rauni shi ne ba ta tambayar yadda gumin ya taru. An kafa Firimiya a 1992, kuɗin talabijin ya fara kwarara a daidai lokacin da United ke hawa sama. Wanda ya ci kofi ya shiga gasar Zakarun Turai, ya ƙara samun kuɗi, ya sayi gwanin ƙungiyar da ke ƙasa da shi, ya sake cin kofi. Wanda ya makara, ta wace ƙofa zai shiga? Da hukumar ƙwallon Turai ta fito da dokar kashe kuɗi daidai samu, wadda ta fara aiki a kakar 2011/12, ta kare ƙungiyoyi daga durƙushewa, wannan gaskiya ne, amma ta kuma tabbatar wa mai babban samu babban kashewa. Newcastle ta ɗanɗana haka: asusun zuba jarin Saudiyya ya saye ta a 2021, amma dokar Firimiya da ta hana asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku ta hana ta yin abin da Chelsea da City suka yi a zamaninsu. Wannan ce hujja mafi ƙarfi a hannun ɗan City, sai dai ba kasafai yake kawo ta ba. Ya fi son gajeruwar amsa mai ƙona rai.

Gajeruwar amsar ita ce kuɗi ba ya buga ƙwallo, kuma tana da shaidu. Chelsea ta kashe ɗaruruwan miliyoyin fam bayan Todd Boehly da abokansa sun saye ta, ta ƙare ta 12 a 2023. United na ta sayayya tun tafiyar Ferguson a 2013, shekaru suka yi ta wucewa ba kofin Firimiya. Sai kuma Leicester, wadda ba a tashi daga gardamar ba a kira ta ba: Vardy da aka ɗauko daga Fleetwood a kan fam miliyan 1, Mahrez daga Le Havre, Kanté daga Caen, suka ci kofin 2016 da maki 81.

A nan nake ganin gidan kallo yana auna abin da bai kamata ba. Ana ƙirga kuɗin sayen 'yan wasa ne saboda shi jaridu ke bugawa da manyan baƙaƙe. Masana tattalin arzikin ƙwallo irin su Stefan Szymanski sun daɗe da nuna cewa albashi ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da matsayin ƙungiya a teburi idan aka ɗauki shekaru masu yawa. Kuɗi ba ya buga wasan ranar Asabar, amma shi ke cika benci, shi ke riƙe gwani idan wasu suka zo zawarcinsa, shi kuma ke ba ƙungiya damar yin kuskure ba tare da ta ji jiki ba. A City, Guardiola ya sayi mai tsaron gida Claudio Bravo a 2016, abin bai yi ba, shekara na zagayowa aka kawo Ederson. An sayi Kalvin Phillips a 2022, ya ƙare kaka a benci, City ta ci kofi uku a kakar. Ƙaramar ƙungiya ta yi irin wannan kuskure sau biyu, sai ta ji ta a gasar 'yan dagaji. Ita kanta Leicester, wadda mai ita attajirin Tailan ne ba talaka ba, wata biyu da cin kofi Chelsea ta ɗauke mata Kanté, ya je ya ci kofin 2017 a can. A 2023 ta faɗi daga Firimiya.

Wanda ya fi kowa jin zafin wannan shi ne ɗan Liverpool. A kakar 2018/19 ƙungiyarsa ta haɗa maki 97, wasa ɗaya tak ta sha kashi, amma City ta yi 98. A 2022 aka maimaita: 92 da 93. Idan ya ce an cuce shi, ba cewa yake De Bruyne bai iya ƙwallo ba. Cewa yake an ɗaga mizanin cin kofi zuwa inda sai mai 'yan wasa biyu gwanaye a kowane gurbi zai iya jurewa shekara bayan shekara. Ban ga wanda ya ba shi amsa mai gamsarwa ba.

Tun Fabrairun 2023 gardamar ta sami sabon makami, lamba 115, wato yawan tuhume-tuhumen da aka ce hukumar Firimiya ta yi wa City kan harkokin kuɗinta, galibi na tsakanin 2009 da 2018. Yanzu ɗan adawa ba ya ma buƙatar jimla, lambar kawai yake kira. Ɓangarorin biyu duk suna wuce gona da iri a nan. 'Yan adawa sun mayar da tuhuma hukunci tun ranar da aka sanar da ita, alhali City ta musanta. 'Yan City kuma kan ce kotun wasanni ta duniya ta wanke su tas a 2020, alhali abin da ya faru shi ne ta soke dakatarwar shekara biyu, ta ce wasu zarge-zargen ba a tabbatar da su ba, wasu kuma lokacinsu ya wuce, ta kuma bar tarar yuro miliyan 10 saboda ƙin ba masu bincike haɗin kai.

Duk da haka, a wannan gaɓar ce gardamar ke kaiwa ga ƙashin maganar. A kakar 2023/24 an zaftare wa Everton maki 10, aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara, aka ƙara mata 2. Nottingham Forest ta rasa 4. City kuwa ta ɗaga kofinta na huɗu a jere, da maki 91 a kan 89 na Arsenal, ba a ko fara sauraron shari'arta ba sai a Satumban 2024. Akwai bayani: su Everton sun amsa laifi ɗaya mai sauƙin lissafi, ta City kuwa doguwa ce mai sarƙaƙiya, ana jayayya a kan kowace takarda. Bayanin daidai ne, amma ba ya sanyaya zuciyar ɗan kallonmu, kuma ban ga laifinsa ba. Mutum ne da ya san yadda shari'ar mai ƙarfi ke daɗewa, ta mara ƙarfi kuma a yanke ta nan take. Idan ya ɗaga murya a kan Everton, ƙungiyar da ba ya ko goyon baya, ba ƙwallo kaɗai ke cin ransa ba.

Abin da ke damuna shi ne wannan ƙwarewar ba ta dawowa gida. Wanda zai iya kawo maka albashin Haaland da ka, da wuya ya tambayi nawa gwamnatin jiha ke kashe wa ƙungiyar garinsu, ko me ya sa 'yan wasan gasar Najeriya kan bi bashin albashi. Mafi yawan manyan ƙungiyoyinmu na gwamnatoci ne. Kano Pillars, da ta ci kofi a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta gwamnatin Kano ce; Enyimba ta Abiya ce. Ƙarfin irin waɗannan ƙungiyoyi kan hau ya sauka da sha'awar wanda ke kan mulki. A 2025 Remo Stars, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta ci gasar a gaban ƙungiyoyin gwamnatocin nan duka. Shin kuɗin talakawan jiha ya fi halatta a ƙwallo, ko na ɗan kasuwa? Wa ke duba littafin kuɗin kowannensu? Masu iya wannan gardamar suna nan cike da bencinan gidajen kallo, kuma a kan ƙungiyoyin gida muryarsu za ta iya isa kunnen wanda ke sa hannu a kasafin.