Keken da Mai Shi Ba Ya Iya Kwancewa

Mako uku firam ɗin ya yi yana rataye a tsakar ɗakina a nan Jamus, ina zagaya shi kamar mai jinya. Na hannu ne, na saye shi a wurin wani da ya gaji da tirayatlon ya koma kamun kifi, da niyyar in haɗa keken da kaina kafin sanyi ya wuce. Daren da na fara zura birkin gaba ne na gane abin da na jawo wa kaina. Birkin ba na waya ba ne irin wanda muka saba, siririn tiyo ne mai ɗauke da mai, kuma ba ya bin waje. Sai ya shiga ta cikin kan keken, ya lanƙwasa ta wuyansa, ya ratsa ta gefen boris, ya gangara cikin ƙafar da ke riƙe da tayar gaba, sannan ya leƙo ta wani ɗan rami. Da na gama na hau, sai na ji kan ya yi mini ƙasa da kamar faɗin yatsa. Don in ɗaga shi faɗin yatsan nan, sai da na zubar da man, na zare tiyon, na sayo sabo domin wancan na riga na yanke shi daidai wa daida, na sake zurawa, na sake cika mai, na fitar da iskar da ta shiga. Yini guda cur.

Ga wanda bai san wasan ba, tirayatlon tsere uku ne a jere babu hutu: ninƙaya, keke, sannan gudu. Mafi shahararsa shi ne Ironman, wanda aka fara a Hawai a 1978 da mutum 15, kuma har yau tsawonsa bai canja ba: ninƙayar kusan kilomita 4, keke kilomita 180, gudun ƙafa kilomita 42. A irin wannan gasa an hana ka laɓewa bayan wani don ya tare maka iska. Doka ta ce ka bar tazara, mita 12 a yawancin gasanni. Kai kaɗai ne da iskarka, sa'o'i biyar ko shida. Ita kuwa iska ba ta da sassauci: in ka ninka saurinka, turjiyarta tana ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da za ka kashe wajen keta ta kuma sau takwas. Daga kilomita 36 a sa'a zuwa 40 kawai, abin da iska za ta ci daga ƙafarka ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Saboda haka duk mai cewa maganar iska shirme ce ta masu kuɗi, bai taɓa fuskantar ta da keke ba. Ban zo musun wannan ba.

Abin da nake musu shi ne inda aka karkatar da hankalin mutane, da aljihunsu. Masu auna waɗannan abubuwa a ɗakin gwajin iska sun daɗe da yarda cewa kusan kashi uku bisa huɗu na turjiyar da mai keke ke fuskanta daga jikinsa take, sauran ne na keken. Kafaɗa, kai, ƙirji, cinyoyi, su ne bangon da iska ke dukawa. Amma je ka wurin ajiye kekuna a safiyar gasa ka saurari hirar da ake yi. Firam, wili, firam, wili. An bar jaki ana dukan taiki.

Tarihin abin ma shaida ne. Babban sauyin da aka taɓa samu a tseren agogo, inda kowa ke tafiya shi kaɗai ana auna lokacinsa, bai zo daga firam ba. Wasu sanduna biyu ne da ake ɗaurawa a kan keke, mutum ya ɗora gwiwar hannunsa a kan ɗan matashi, ya miƙa hannuwa gaba, ya haɗe kafaɗu. Boone Lennon, wani kocin wasan zamiya a kan ƙanƙara a Amurka, shi ya ƙirƙiro su, kamfanin Scott ya fitar da su kasuwa, 'yan tirayatlon suka rungume su tun wajen 1987 alhali manyan 'yan tseren keke na Turai suna yi musu kallon abin dariya. Dariyar ta ƙare ranar ƙarshe ta Tour de France na 1989. Laurent Fignon yana gaban Greg LeMond da daƙiƙa 50, saura tseren agogo na kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris, kowa ya ɗauka an gama. LeMond ya fito da sandunan nan da hular kwano mai tsini. Fignon ya fito kai babu hula, gashinsa a ɗaure yana kaɗawa, duk da cewa wilinsa gaba da baya rufaffu ne irin na zamanin. LeMond ya ci masa daƙiƙa 58, ya ɗauki gasar gaba ɗaya da daƙiƙa 8. Wanda ya gyara zamansa ya kayar da wanda ya gyara wilinsa.

A shekarar dai, Dan Empfield na kamfanin Quintana Roo ya lura da wata matsala: in mutum ya kwanta a kan sandunan nan bisa keken tsere na gargajiya, cikinsa yana haɗuwa da cinyarsa, numfashi ya takura, ƙugu ya ɗaure. Sai ya miƙar da bututun da ke ɗauke da sirdi, ya turo sirdin gaba, don mutum ya kwanta ba tare da ya naɗe kamar tabarma ba. Keken tsere yana da kusurwar digiri 73 ko 74 a wurin, na tirayatlon yakan kai 78 ko fiye. Asalin keken tirayatlon ke nan: an ƙera ƙarfe don ya bi jikin mutum. Graeme Obree ma, ɗan Sikotilan ɗin da ya karya tarihin tseren sa'a guda a 1993 da kilomita 51.596, a kan keken da ya ƙera da hannunsa ya yi, har da boris ɗin da ya ciro daga injin wanki. Sirrinsa wani irin zama ne da ya ƙirƙiro, hannuwa a ƙarƙashin ƙirji, wanda hukumar kekuna ta duniya, UCI, ta haramta daga baya.

To yaya aka yi muka iso inda muke? Dokokin UCI a kan siffar firam ba su ɗaure tirayatlon mai dogon zango ba, don haka kamfanoni suka sami fili. Specialized ta saka jakar ruwa a cikin firam ɗin Shiv, Craig Alexander ya ci gasar duniya ta Ironman da ake yi a Kona, Hawai, a kansa a 2011. Cervélo ta fito da P5X a 2016, keken da babu bututu a ƙarƙashin sirdinsa, mafi tsadarsa dala 15,000. A 2022 Kristian Blummenfelt ya ci gasar duniya ta Ironman a St. George a kan keken Cadex wanda ba shi da bututun sama kwata-kwata. Kowace shekara ana ƙara ɓoye wani abu: waya, birki, noti, gorar ruwa, har wurin da sirdi ke ɗaurewa. Kekunan suna da kyau, ba na ƙarya, wani in ka gan shi a jingine sai ka tsaya. Kuma ga ƙwararren da ke da makaniki a bayansa, da kamfanin da ke sassaƙa masa matashin hannu daidai da ƙashinsa, duk wannan riba ce zalla.

Amma mu da muke saya da kuɗin albashi ba mu da makaniki, kuma ba mu san zamanmu ba tukuna. Wannan shi ne abin da talla ba ta faɗa. Zama a keken tirayatlon ba abu ba ne da ake samu rana ɗaya. Ana nemansa ne da kaɗan-kaɗan, wata da watanni: a ɗaga matashi milimita biyar, a fita kilomita 80, a ji wuya ya yi sanyi amma hannu ya mutu, a dawo a karkata sandunan sama kaɗan, a matso da sirdi, a sake fita. Jiki kuma yana canjawa. Zaman da ya yi maka a watan Maris, lokacin da sanyi ya ɗaure maka baya, ba shi ne na watan Yuli ba. Duk keken da ya mai da gyaran minti biyar ya zama aikin yini, to ya hana mai shi neman zamansa. Mutum zai haƙura da abin da ya samu. Sakamakon kuwa kowa na ganinsa a hanya: bayan kilomita 60 sai ka ga mai keken dala dubu goma ya tashi zaune, ya riƙe ƙahon waje, ƙirji a buɗe kamar tanti, yana miƙa baya. A wannan lokacin duk abin da injiniyoyi suka yi masa tanadi a ɗakin gwaji ya tafi a banza, wani dattijo a kan tsohon keken alminiyom, kwance lif a kan sandunansa, ya zo ya wuce shi. Garin neman gira an rasa ido.

Akwai kuma abin da ake mantawa, cewa bayan keken akwai gudu. A Kona a 2024, Sam Laidlow ya tuƙa kilomita 180 cikin ƙasa da sa'a huɗu, abin da ba a taɓa yi ba a wannan hanya mai zafi da iska ta Queen Ka'ahumanu. Da aka sauka gudu ƙarfinsa ya ƙare, bai shiga goman farko ba, Patrick Lange ya zo ya ci da 7:35:53. Ba na cewa kekensa ne ya kayar da shi, ranar tana da dalilanta. Ina cewa ne a tirayatlon ba a ba da kambi a ƙarshen keke, kuma zaman da ya rage maka minti uku a kan hanya ya ɗaure maka ƙugu, zai karɓi minti goma a wurin gudu. Chrissie Wellington ta ci Kona karon farko a 2007 a kan Cervélo P2C, wanda ko a cikin kekunan kamfanin ba shi ne na sama ba.

Wani abin ban dariya: 'yan shekarun nan sai aka gano cewa in mutum ya cusa gorar ruwa a cikin rigarsa ta gaba, ta cike ramin da ke tsakanin ƙirji da cinya, iska tana wucewa da sauƙi. Manyan ƙwararru suka riƙa fitowa da ƙirji a kumbure kamar zakara, har Ironman ta haramta abin a 2024. Gorar roba, wadda kuɗinta bai kai na abincin rana ba, ta yi tasirin da sai da aka kafa mata doka. Ita ma ba keken ta gyara ba, jikin ta gyara.

Ba duk sabon abu nake ƙi ba. Birkin faifai ya fi na da, musamman in ana ruwa a kan wilin kabon, wanda a da sai ka matsa ka yi addu'a. Taya mai faɗin milimita 28 da iska sassauƙa ta fi siririyar da muke bugawa kamar dutse, ta fi daɗi kuma ba ta fi ta nauyin tafiya ba. Giyar lantarki tana da amfani na gaske a wannan keke, domin kana iya canjawa ko kana kwance ko kana riƙe da birki. Ɗan akwatin da ake ginawa a firam don tiyub da kayan faci ya fi a ɗaure su da salatif a bayan sirdi. Kuma gaskiya ne cewa mai tafiya a hankali ma yana cin ribar rage iska, har mintocin da yake samu sukan fi na ƙwararre yawa tunda ya fi daɗewa a hanya. Abin da nake so kamfanoni su daina shi ne sayar wa talaka keken gwani, mai noti na musamman da ba a samu a shagon unguwa, da ƙarfen ɗaga matashi wanda in an daina ƙera samfurin sai dai ka bi kasuwar 'yan gwanjo ta intanet kana roƙo. Kuma duk mai zuwa gasa da jirgin sama ya san tashin hankalin kwance irin wannan kai a saka a akwati, a sake ɗaurawa a ɗakin otal da daddare, gasa gobe da asuba.

Ni dai na sauya tsarin aikina. Na cire kan da ya zo da firam ɗin na ajiye a kwali, na sa wani na gama-gari wanda notinsa duk a waje suke, makulli biyu sun isa a kwance shi. Tiyon birki ya fito fili na ɗan taƙi kafin ya shige firam, na san ina asarar wani abu a nan, na yafe. Kuɗin da na tara don rufaffen wilin baya na raba shi: kashi ɗaya na kai wa mai auna zama, ya ɗora ni a kan keken gwaji sa'a biyu yana ɗaukar bidiyo, ya ce hannun fedata ya yi mini tsawo, na sauko daga milimita 172.5 zuwa 165, nan take cinyata ta daina dukan cikina. Sauran na sayi sirdi mai tsagaggen baki, bayan na gwada uku na mayar, da hular kwano da ta kwanta a bayana maimakon wadda ta fi kyau a hoto, da riga mai kama jiki. Sarƙar kuma na dafa ta a kakin zuma da na kyandir a wata tsohuwar tukunya, maƙwabciyata tana leƙowa tana tambaya ko miya nake yi.

Gasar da nake hari rabin zango ce, kilomita 90 a kan keke. Ranar Lahadin da ta wuce na yi 70 a gefen kogi ban tashi daga kan sandunan ba sai a mararraba. Wuyana ya ɗan yi tsami daga hagu, don haka da na dawo, tun kafin in cire takalmi, na ɗauko makulli na ɗaga matashin milimita biyar. Wilin baya har yanzu tsohon ne mai sifoki, na aro daga ɗayan kekena.