Ina Dillalin Marubucin Hausa?

A Ingila da Amurka marubuci ba ya yawo da rubutunsa ƙofa-ƙofa. Akwai dillalin adabi da zai karanta, ya ba da shawarar gyara, ya nemo kamfanin ɗab'i, sannan ya ɗauki la'adarsa, galibi kashi 15 cikin 100.

Mu kuwa gasa ce dillaliyarmu. Wadda Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifi Ganɗoki da Shaihu Umar, dukkansu kuwa daga tarihi suka ɗebo. Sai dai ba don yara aka yi su ba. Ko da yake Umar yana yaro aka sace shi, muryar da muke ji ta dattijo ce yana karantar da almajiransa.

Ran Asabar na tashi daga Samaru, na zaga kantunan littattafai na Sabon Gari, ina neman wa ƙanwata ƙagaggen labarin Sarauniya Amina. Hannu rabbana na komo.

Gasa baƙuwa ce, ba kullum take zuwa ba. Jama'a, tunda babu dillali, me zai hana ƙungiyarmu ta riƙa tace rubuce-rubucen ɗalibai, ta kai wa masu ɗab'i da kanta?