A faɗa wa mai zane tun allura ba ta shiga ba

Ana saura kwana kaɗan azumi ya kama, ina zaune a rumfar wani dattijo mai zanen hula a kasuwar Diffa, sai ga wani saurayi da waya a hannu. Ya gaisa, ya miƙa ta, ya ce, "Baba, irin wannan nake so, ta Sallah." Dattijon ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Yaro, zauna in fitar maka da zanen ka gani." Saurayin ya ce sauri yake yi. Ya ajiye kafin alƙalami ya wuce.

Bayan Sallah na tarar da shi a fada ana shan shayi, yana cewa tsohon nan ya ɓata masa hula. Na tambaye shi me ya ɓaci. Ya ce, "Ba ta yi ba kawai." Na ce to ranar da ka karɓa me ka gaya masa? Ya ce ya yi godiya, ai ba ya iya duban idon sa'an mahaifinsa ya kushe masa aiki. Cikon kuɗin kuwa har ranar bai kai ba.

Abin nan yana ci mini rai, domin ya zama ruwan dare tun da hoton waya ya shiga tsakanin mai aiki da mai ba da aiki. Haka ake yi wa tela, haka ake yi wa mai lalle, haka ake yi wa yaran da ke tsara katin biki a kwamfuta. A turo hoto ta WhatsApp, a yi tsit, sai aiki ya kammala a ce ba haka ake nufi ba.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake hular hannu ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi. Mai zane ne ke fara shimfiɗa farin ƙyalle, ya auna kai, ya ja layuka da biro, ya raba gidaje, ya nuna inda kowane launi zai zauna. Daga nan ƙyallen ya shiga cikin gida, hannun mace, ta bi zanen da zare, huda bayan huda, makonni tana kai. Sai wanki da guga. A duk tafiyar nan wuri ɗaya ne gyara ba ya cin kowa komai: lokacin da zanen ke kan ƙyalle, allura ba ta taɓa shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da zarar zare ya hau, kowace "canza mini nan" kwanaki ne na idon wata baiwar Allah za a warware.

Kuma mu a nan mun san ko su wane ne masu idon. Cikin matan da na san suna wannan ɗinki akwai waɗanda suka hayo kogin Komadugu daga Damasak a watan Nuwamban 2014, da abin da ke jikinsu kaɗai. Bayan harin Bosso da Diffa na Fabrairun 2015, aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka tsayar da cinikin kifi da na tattasai, wanda shi ne jar zinariyar wannan kwari. A gidaje da dama allura ce ta riƙe tukunya. In an hana cikon kuɗin hula, a can ake jin zafin.

Hoto kuwa ba ya faɗin gaskiya duka. Hasken waya yana ƙara wa shuɗi kaifi, yana mai da ruwan ƙasa kamar ruwan zuma. Hular Zanna Bukar da aka ɗauka a Maiduguri ta gefe guda ba ta nuna maka samanta, ba ta gaya maka irin zaren, balle ko akwai shi a kasuwarmu. Mai zane dole ya cike gurbin da tunaninsa. In ba ka zauna ba, ka sallama masa ke nan.

Na san abin da ke hana mu magana: kara. Ina girmama kara, da ita aka raine mu. Amma ka ce "madalla" a gaban mutum, ka je fada ka zubar masa da suna, ka riƙe masa haƙƙi, wannan ba kara ba ce. Akwai hanyar faɗa da ba ta taɓa girman kowa. Da na ba dattijon nan tawa hular, na zauna har ya gama zane, na sa yatsa na ce, "Baba, gidajen nan sun yi mini manya, fuskata siririya ce. Jan nan kuma ina tsoron zai danne sauran." Ya ɗaga ƙyallen ya kara a goshina, ya ce na yi gaskiya a kan gidajen, ya rage su nan take. A kan jan ya ƙi. Ya jera zare uku a tafin hannunsa, ya fita da ni rana, ya nuna mini yadda baƙin zai shanye shi. Na yarda, kuma shi ya fi ni gani. Da "ba ta yi ba" na ce masa, da ba shi da abin kamawa.

Su ma masu sana'ar da nasu. Akwai wanda kana buɗa baki zai ce maka tun ba a haife ka ba yake wannan aiki, daga nan ba wanda zai sake cewa uffan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yaran kwamfuta kuma suna karɓar saƙon murya da tsakar dare, "ƙara masa armashi," su yi ta sauya launi sau goma ba su tambayi wane armashi ba, har mutane suka saba ganin kowane aiki ana iya komawa baya da shi.

Da na koma rumfar kwanan baya, na ga dattijon ya ajiye ɗan benci kusa da shi. Ya ce yanzu ba ya karɓar ko dala sai mai hula ya zauna ya ga zane, ya ce ya yarda. Wasu samarin sun koma wajen wani. Ina nan zaune wani ya zo da hoto, ya tsaya yana duban agogon wayarsa, dattijon ya nuna masa bencin, ya ɗauko biro.